Ganyen gwaiba a kan rauni: tambayoyinku da amsar likita

Tambaya: Likita, yarona ya faɗi wajen ƙwallo ya goge gwiwa. Kakarsa ta ce in dafa ganyen gwaiba in riƙa wanke masa. Da gaske yana magani? Wata uwa daga Rigasa, Kaduna.

Amsa: Hajiya, kakarsa ba ta yi ƙarya ba. Baurin da kike ji idan kin tauna ɗanyen ganyen, sinadarin tanin ne, yana tsuke fata, yana rage tsiyayar ruwan ciwo. A ɗakin gwaje-gwaje an ga ruwan ganyen yana hana wasu ƙwayoyin cuta yaɗuwa, har da wadda ta fi kawo mugunya a fata, an kuma ga rauni ya yi saurin haɗewa a jikin ɓeraye. Sai dai gwajin da aka yi a kan mutane kaɗan ne, shi ya sa ba ma rubuta shi a katin asibiti.

Gogewa ce ta sama-sama, don haka ki fara da ruwa mai tsabta da sabulu har sai yashin ya fita. In kina son ganyen, ki tsinko wanda ƙurar titi ba ta rufe ba, ki wanke, ki tafasa sosai, ki tace, ki bari ya huce. Na yau na yau ne, kada ya kwana a kofi. Abin da ba na so shi ne a tauna ganye a tofa a kan ciwo, ko a daka shi a turmin yaji a lafta. Idan wurin ya yi ja, ya kumbura, ko zazzaɓi ya shigo, ki kawo shi.

Tambaya: Ina walda a Panteka. Tsohon kwano mai tsatsa ya yanke ni a tafin hannu, na ɗaure da dakakken ganyen gwaiba, jinin ya tsaya. Ya wadatar?

Amsa: Malam, bai wadatar ba. Tsayawar jini daban, tetanas daban, cutar nan mai sarƙe haƙora. Ƙwayarta tana zaune a ƙasa da datti, tana son rauni mai zurfi da aka toshe, kuma babu ganyen da ke kare mutum daga ita. Kwance ƙullin nan yau, ka je asibiti a wanke, a duba ko jijiyar yatsa ta taɓu. In allurarka ta tetanas ta ƙarshe ta haura shekara 5, ko ba ka ma tuna ba, a yi maka wata.

Tambaya: Mahaifina yana da ciwon suga, akwai gyambo a ƙafarsa wata biyu ke nan. Muna jiƙa ƙafar a ruwan gwaiba kullum, shi kuma ya ce ba ya jin zafi. Daga Tudun Wada, Kaduna.

Amsa: Rashin jin zafin nan shi ya fi tayar mini da hankali, alama ce suga ya taɓa jijiyoyin ƙafar. Jiƙawa tana sa fata ta yi laushi ta ƙara dagargajewa, ku daina. Asibitin Yusuf Ɗantsoho yana kusa da ku, ga kuma asibitin Barau Dikko. Ku kai Baba gobe da safe a auna suga, a kankare mataccen naman, kuma kada ya taka ƙasa ba takalmi ko a tsakar gida. Allah Ya ba shi lafiya.

Tambaya: Salansar babur ta ƙona ni a ƙwauri. Ganyen gwaiba ko makilin?

Amsa: Ko ɗaya. Ruwan famfo mai sanyi na minti 20, ban da ƙanƙara, sannan a rufe da bandeji mai tsabta. Kada ka fasa bororon.