Raba sabar IBM Power gida biyu: daga ina ake farawa?

Ɗan'uwa, ka ce ofishinku a nan Damagaram ya samu sabar IBM Power, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima, kuna son ɓangare guda ya riƙe rumbun bayanai, ɗayan na gwaji, kana tambayar ta ina za a fara.

Ka fara da HMC, na'urar da ake sarrafa sabar da ita. A nan ake ƙirƙirar kowane LPAR, wato ɓangaren sabar da ke aiki kamar kwamfuta mai zaman kanta, a rubuta masa furosesa da RAM ta ma'auni uku: mafi ƙanƙanta, wanda ake so, da mafi yawa. Wurin nan ake yawan yin sakaci. Tsakanin ƙarami da babban ma'auni kana iya ƙara wa ɓangare ƙarfi yana cikin aiki, amma in kana son ɗaga babban ma'aunin kansa, dole ka kashe ɓangaren ka sake tayar da shi. Don haka ka bar wa rumbun bayanan sarari tun ranar farko, kada ka matse shi. Na gwajin kuwa, furosesar haɗaka, wadda ɓangarori ke tarayya a kanta, ta ishe shi.

Katin sadarwa ko na faifai, ɓangare ɗaya ke mallakarsa. In kuna son su yi tarayya, sai ta VIOS, wato wani ɓangare na musamman da ke riƙe katin yana raba wa sauran, kuma ni biyu nake sawa, saboda in guda ce ta faɗi, duka sun tsaya.

Rabon nan fa ba ya raba wuta. Akwati ɗaya ne, in kuran ta ɗauke ko zafin watan Afrilu ya fi ƙarfin na'urar sanyaya ɗaki, ɓangarorin biyu tare za su mutu. Ku tanadi batirin ajiyar wuta kafin ku ɗora bayanan gaske.