Nama zalla ko tuwo da sukari? Amsata ga ƙanenmu mai tambaya

Assalamu alaikum. Ƙanena, na ga tambayarka, kuma ta taɓa ni, shi ya sa zan ɗan tsawaita, ka yi haƙuri da ni. Ka ce tumbi ya fara yi maka nauyi, an auna sukarin jininka an ce yana bakin iyaka, kuma ciwon suga ne ajalin mahaifinku, Allah ya jiƙansa ya sa ya huta. Ka ce wani abokinka ya bar tuwo da shinkafa da biredi gaba ɗaya, ya koma nama da ƙwai da man shanu, ya zube cikin ɗan lokaci. Wani kuma ya ce maka nama ne ke kawo hawan jini, sukari ba ruwansa muddin ba ka cin maiƙo. Kana so a gaya maka wanda za ka bi.

Ni na haura hamsin, a Tudun Wadar Kaduna nake, sana'ata kuma ta zama ce, daga buɗe shago har rufewa. Na taɓa bin tsarin naman nan na wani lokaci, na ga amfaninsa da idona, na kuma ga inda yake gazawa. Abokinka ba ƙarya yake maka ba, da gaske ya rame. Sai dai ni a ganina mafi yawan ladan da yake ba nama, na abubuwan da ya daina zubawa cikinsa ne.

Ɗauki yinin mutum ɗaya a garin nan ka bi shi daki-daki. Da safe yana teburin mai shayi: babban kofi, madarar gwangwani, sukari cokali uku ko huɗu, biredi mai yanka-yanka, wani lokaci har da indomi a gefe. Da rana shinkafa da miya, a kora da lemon kwalba mai sanyi saboda zafi. Da la'asar zoɓo ko kunun aya na gora, wanda mai sayarwa ta san in bai yi zaƙi ba ba za a dawo ba. Da dare tuwo, bayan isha'i kuma a dama fura a zuba mata sukari. In ka tambayi mutumin nan zai rantse maka ba ya cin abinci da yawa, kuma a zuciyarsa gaskiya yake faɗa, domin rabin abin shansa ya yi, bai tauna ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2015 cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na abin da mutum ke ci a yini. Ga baligi wannan kusan giram 50 ne, wato ƙaramin cokali 12, kuma suka ce in ya sauka zuwa rabin haka ya fi. To baƙin lemon nan na roba mai santilita 50, shi kaɗai ya haura giram 50. Roba ɗaya ta cinye kason yini guda, ba a ma lissafa shayin safe ba. Har gwamnatin tarayya sai da ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021. Kuma zuma da ruwan 'ya'yan itace da aka matse duk suna cikin lissafin hukumar, don haka mai cewa ya bar sukari ya koma zuma ko mazarƙwaila bai yi nisa ba.

Sukarin da aka sha ba ya ƙosarwa, shi ne babbar illarsa. Ka sha lemo yanzu, ka ci tuwonka cikakke kamar ba ka sha komai ba. Sannan sukarin shayi rabinsa wani nau'i ne da hanta ce ke ɗaukar nauyin sarrafa shi, in ya yi mata yawa sai ta mai da shi kitse ta ajiye a jikinta. Wanda ya shiga tsarin nama zalla, a rana ɗaya yake yanke duk wannan: ba lemo, ba biredi, ba cincin, ba fanke, ba shayi mai zaƙi. Ga nama da ƙwai kuma suna daɗewa a ciki, yunwa ba ta dawowa da wuri. Dole ya rame.

Akwai kuma abin da masu murnar makon farko ba su sani ba. Jiki yana da ɗan rumbu a hanta da tsoka inda yake ajiye sitaci, kusan rabin kilo, kuma kowane giram na ajiyar nan yana riƙe da ruwa kusan giram uku. Da ka bar hatsi rumbun zai fara ƙarewa, ruwan ya fita ta fitsari, sikeli ya nuna ka sauke kilo biyu ko uku. Yawancinsa ruwa ne. Ranar da ka ci tuwon biki zai dawo, sai mutum ya ce tuwo guba ne, alhali ruwansa ne ya koma mazauninsa.

Gardamar nan ta girme mu duka. Tun 1863 wani Bature a Landan mai suna William Banting ya rubuta yadda ya rage ƙiba ta barin biredi da sukari da dankali. A 1972 wani likitan Amurka, Robert Atkins, ya sake tayar da ita. Tsarin keto da matasa ke yayi yanzu, wato yanke hatsi da sitaci a yawaita maiƙo, asalinsa a shekarun 1920 aka fara shi a asibiti domin yara masu farfaɗiya. Ɓangaren abokinka na biyu ma suna da hujjarsu: a 1939 likita Walter Kempner na jami'ar Duke ya fara ɗora masu hawan jini da ciwon ƙoda a kan shinkafa da 'ya'yan itace da sukari, kuma da yawa jininsu ya sauka, suka rame. Amma abin da ba a faɗa shi ne, abincin nan kusan babu gishiri babu mai, awonsa ake yi, kuma likitoci na tsaye a kan majinyatan. Ba shi da wata dangantaka da shinkafa da mai da yaji a kora da lemo.

Binciken da ya fi kwantar mini da hankali shi ne wanda jami'ar Stanford ta fitar a 2018. Mutum 609 aka raba gida biyu har shekara guda, wasu suka rage hatsi da sitaci, wasu suka rage maiƙo. Duka ɓangarorin an ce musu su rage sukari da farar fulawa, su yawaita ganye, su ci girkin gida. A ƙarshe kowane ɓangare ya sauke kusan kilo 5 zuwa 6, babu wani bambanci na a zo a gani. Wannan ya yi daidai da abin da na gani a jikina da jikin abokan zamana.

Lokacin da nake kan naman, barcin nan mai nauyi na bayan azahar ya tafi, wando ya saki, gwiwa ta yi sauƙi a sujada. Wannan ba zan ɓoye ba. Amma bayan gida ya yi tauri ƙwarai, domin nama ba shi da dusa ko zaren ganye da ke tura hanji, kuma ka san yadda basir ya yi wa mutanenmu yawa. Baki yana wani irin wari. Da aka auna jinina, mugun kolestirol ɗin, wato kitsen cikin jini, ya hau. Ga kuɗi. Ko a kasuwar dabbobi ta Zango ka saya da kanka, mai iyali ba zai iya ciyar da kansa nama sau uku a yini ba tare da ya tauye cefanen yara ba. Abin da ya fi damuna ma shi ne gida: uwargida tana ɗora tukunya biyu, ana zaune a kwano ɗaya kai kana gefe, ka je gidan surukai a kawo maka tuwon shinkafa da miyar taushe ka ce ba ka ci. Yawancin waɗanda na sani sun bari ne ta nan, kuma da suka bari sai suka koma wa lemo da biredin gaba ɗaya, ƙibar ta dawo har da riba.

Maganar hawan jini kuwa, gishiri ya fi naman kansa hannu a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, ƙaramin cokali ɗaya ke nan. To tuna yadda ake barbaɗa wa tsire da balangu yaji mai gishiri da dunƙulen magi, balle kilishi. Mai cewa ya koma nama alhali kullum wurin mai tsire yake kwana, gishiri yake lodawa. A 2015 kuma hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa naman da aka sarrafa, irin su sosej da naman gwangwani, cikin abubuwan da ke jawo kansar hanji, jan nama kuma cikin waɗanda ake kyautata zaton suna jawowa. Masu yawan cin kayan ciki su ma su kula da ciwon nan mai kumbura babban ɗan yatsan ƙafa.

Abin da na zauna a kai yanzu shi ne wannan. Duk wani zaƙi na sha na sallame shi, shayina ba sukari, sai citta da kanumfari, zoɓo kuma a gida ake yi mini ba zaƙi. Makon farko harshe yana ƙorafi, daga baya ya saba har lemon kwalba ya zama ba ya shawuwa. Tuwo ina ci, malmala ɗaya daidai dunƙulen hannuna, na dawa ko na gero ya fi mini na shinkafa, miya kuma mai yawa: kuka, kuɓewa, ganye. Kafin tuwon ina fara cin kwaɗon zogale ko na rama da ƙuli-ƙuli. Da safe ƙwai ko alala ko ƙosai kaɗan, wani lokaci awara. Wake shi ne abin da masu nama zalla suka zalunta da suka haɗa shi da biredi a layi ɗaya, domin yana ƙosarwa, yana da araha, kuma ba ya tayar da sukarin jini da sauri. Acha ma muna da ita daga kudancin jihar nan da Filato. Nama da kifi ina ci a miya, tsire kuma lokaci-lokaci. Lemon zaƙi da gwanda da kankana ina cin su da ƙwayarsu, ba na matsewa. In ka shiga kasuwar Bakin Dogo da sassafe, kuɗin tsire na dare ɗaya zai saya maka ganyen kwanaki.

Da azumi a ƙara kula. Dabino uku da ruwa sun isa buɗe baki. Jerin kunu mai sukari da zoɓo da lemo da soye-soye shi ke sa wasu su fito Ramadan sun fi yadda suka shiga nauyi.

Tunda an ce sukarinka yana bakin iyaka, ka san lambar da kanka. Awon safe kafin a ci komai, daga 100 zuwa 125 shi ne bakin iyakar, 126 zuwa sama in ya maimaitu ciwon ne. Ka nemi a yi maka gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin kusan wata uku, a haɗa da kolestirol da ƙoda da hawan jini. Ana yi a Barau Dikko da sauran manyan asibitoci. Kuma kada ka karaya saboda gado. Wani babban bincike da aka fitar a Amurka a 2002 ya nuna masu irin matsayinka da aka ɗora a kan rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu da motsa jiki na minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58. In kana kilo 90, kilo 6 da ɗoriya ke nan, da tafiyar rabin awa sau biyar a mako. Ko a Murtala Square da asuba, ko ka riƙa sauka daga Keke kafin unguwarku ka ƙarasa da ƙafa. Ka kuma sa igiyar tela ka auna ƙugunka daidai cibiya, ana so kada ya kai rabin tsayinka.

In duk da haka kana son gwada rage hatsi sosai na ɗan lokaci, ba zan hana ka ba, akwai masu ciwon suga da yake taimaka wa. Amma ka bar ganye da wake a ciki, ka fi karkata ga kifi da ƙwai da kaza, a kuma sake auna jininka bayan 'yan watanni. Ga masu karantawa da suka riga suka fara allurar insulin ko ƙwayoyin sauke suga, don Allah kada ku yanke tuwo dare ɗaya ba tare da likita ya daidaita maganin ba, sukari na iya faɗuwa mutum ya suma. Mai ciwon ƙoda da mai juna biyu da mai shayarwa su ma ba nasu ba ne sai da izinin likita.

Ƙanena, ka rubuto mana abin da kake ci da sha daga safe har dare ba tare da ɓoye komai ba, da lambar da aka samu a awon, da ko an ba ka wani magani. Daga nan ni da ma'aikatan lafiyar da ke cikin masu karantawa za mu fi sanin inda ya kamata ka fara taɓawa. Allah ya ƙara lafiya.