Shafin Lauya: Auren masallaci da na rajista, za a iya haɗa su?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne mazaunin Kafanchan, zan auri wata Kirista. Za a ɗaura aure a masallaci, amma iyayenta sun ce sai mun je rajista. Akwai matsala idan aka haɗa biyun? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Akwai, kuma ba ƙarama ba. Dokoki uku ke aiki tare a Najeriya: wadda aka gada daga Ingila, shari'ar Musulunci, da dokar gargajiya, kowace da kotunanta a Jihar Kaduna. Mutane da yawa na ɗaukar takardar rajista a matsayin shaidar auren da aka riga aka ɗaura. Ba haka ba ne. Aure ne mai zaman kansa, da nasa sharuɗɗa.

Ana shigar da sanarwa a ofishin rajista, a manna ta tsawon kwana 21. Idan ba wanda ya kawo ƙorafi, sai a ba ku takardar izini, ku yi auren cikin wata uku daga ranar sanarwar, in ba haka ba a sake daga farko.

Da zarar ka sa hannu, ka amince da mace ɗaya. Ƙarin aure ba shi da inganci a idon doka, kuma sashe na 47 na Dokar Aure ya tanadi ɗaurin shekara biyar, ko da yake ba kasafai ake gurfanar da kowa ba. Inda abin ya fi cizo shi ne saki. Furta saki ko rubuta takarda ba ya warware auren rajista, alƙalin kotun shari'a ma ba shi da hurumi. Sai Babbar Kotun Jiha, ƙarƙashin dokar 1970 da ta shafi raba irin wannan aure, kuma galibi ba a karɓar ƙarar kafin auren ya cika shekara biyu sai da izinin kotu.

Sai gado. A mazhabar Malikiyya bambancin addini yana hana gado, amma takardar rajista kan buɗe jayayya kan wace doka za a bi, har magada su shafe shekaru a kotu. Idan kana son matarka ta samu wani abu, rubuta mata wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, ko ka yi mata kyauta tun kana raye, ta karɓa a hannunta a gaban shaidu. Ku zauna da lauya da malami, tare da iyayenta, kafin a sa rana.