Wa ke sa ido kan Facebook?

Tambaya: Malam, a majalisarmu ta shayi a Mai Wurno mun yi gardama. Ƙanena ya rantse babu mai iya tanka wa kamfanonin intanet da 'yan siyasar da ke haya su. Haka ne? — Mai karatu daga Sudan

Amsa: Ɗan'uwa, ƙanenka bai yi daidai ba. A Oktoba 2019 Facebook ya rufe shafukan bogi masu alaƙa da Yevgeny Prigozhin, wani ɗan kasuwar Rasha, waɗanda ke yaɗa farfaganda har a Sudan. Masu bincike na jami'ar Stanford sun taimaka wajen bankaɗo su. A 2024 kuma hukumar kare masu saye ta Najeriya ta ci Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, tarar dala miliyan 220. Abin da ke damuna shi ne ƙarancin masu bibiyar ƙaryar da ake rubutawa da Hausa.