Ga Maman da Malam ɗinta ke wankin ƙoda a filin bishara

Salama, Mama. Na karanta tambayarki, zuciyata ta ƙi kwanciya sai na amsa. Kin ce ƙodar Malam ta daina aiki, an sa shi a wanki, kuna can filin bishara nesa da asibiti, likita kuma ya ja ki gefe ya ce ƙodar ba za ta tashi ba. Kina tambaya ko barin fili ku koma gari rashin bangaskiya ne, da kuma me za ki gaya wa yara. Ni gwauruwa ce, ciwon nan ne ya ɗauke mini maigidana muna cikin aikin bishara a wani ƙauyen Maguzawa. Saboda haka ba daga nesa nake magana ba.

Ki kwashe mijinki ku koma kusa da inda injin wanki yake. Kada ki jira takarda daga ofishin mishan, ki sanar da su kawai. Wankin ƙoda sau biyu ko uku ne a mako, kowane zama wajen awa huɗu, kuma mutum yana tashi daga injin nan jiki a mace. A ce bayan haka zai hau mashin ya bi hanyar ƙauye, ya tsallake rafi, ranar Lahadi kuma ya tsaya ya yi wa'azi? Jiki ba zai ɗauka ba.

Mu dai da damina abin ya same mu. Kuɗin wanki ya yanke, ga rafin da ke tsakaninmu da titi ya cika ya batse, aka tsallake wanki. Ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, fuska ta cika. Cikin dare ruwa ya hau masa ƙirji. Ba ya iya kwanciya, da ya kwanta sai numfashi ya sarƙe, dole a zaune. Na jingina shi a jikina, ina jin ƙirjinsa yana kurkur, yana so ya yi magana ba hali, sai dai ya matse mini hannu. Man janareto ya ƙare, tocilan ce kawai a hannun babbar 'yarmu, ita ma hannunta rawa yake yi. Na ce ta yi addu'a, ta buɗe baki sai kuka. Ni ma ban iya addu'ar kirki ba, sunan Yesu kawai nake ta maimaitawa har asuba. Babu sabis a waya sai an hau tudu. Ƙaramin ya farka ya ga ubansa a haka, ya koma bayan ƙofa ya tsuguna, har yau yaron nan idan ya ji mutum yana tari da dare sai ya tashi zaune. Da gari ya waye sababbin tuba ne suka zo da amalanken shanu, suka shimfiɗa katifa, samari suka shiga ruwa har ƙirji suna riƙe da shi. Wani maƙwabcinmu Musulmi, mai tireda, shi ya biya kuɗin motar da ta kai mu gari, da na je mayar masa daga baya ya ce in na sake kawo maganar za mu ɓata. Allah ya sāka masa. Ba na so ke ma ki ga irin wannan dare, shi ya sa nake matsa miki.

Bayan wannan ne wani babba daga cikin shugabanninmu ya zo duba shi a gadon asibiti. Na ɗauka ya zo da taimako ne. Ya zauna, ya buɗe Littafi Mai Tsarki, ya ce wa mijina ya bincika zuciyarsa ko akwai zunubin da ya ɓoye. Mutumin da ya bar aikin koyarwa na gwamnati ya shiga daji saboda bishara! Sa'an nan ya juyo gare ni, a gaban masu jinya na gadon kusa, ya ce ni ce nake sanyaya wa Malam gwiwa da maganar komawa gari, wai soja ba ya barin bakin daga, wai Gowans, Baturen mishan na farko-farko, ya mutu a garin Girku bai gudu ba. Mijina bai ce komai ba, hawaye kawai na ga yana bin gefen idonsa zuwa kunne. Mutumin nan bai tambaye ni ko yara sun ci abinci ba. Bai tambayi nawa ake biya a wanki ba. Ya yi addu'a mai tsawo, ya karɓi kuɗin mansa daga hannun ma'ajinmu, ya tafi. Kuma shi ne dai, bayan jana'iza, ƙasar kabari ba ta bushe ba, ya sa hannu a takardar da ta ce in bar gidan mishan domin sabon mai bishara yana zuwa. Na san gida na aiki ne, ban ce nawa ba ne. Amma a aiko da takarda ta hannun ɗan acaba, ko gaisuwar ta'aziyya babu a ciki? Na gafarta masa domin Ubangiji ya umarta, amma duk lokacin da na tuna zaman nan na asibiti sai ƙirjina ya yi zafi.

Da na sami natsuwa na tambayi waɗanda suka san tarihi. Gaskiya ne Turawan mishan su uku suka sauka Legas a 1893, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, kuma a 1894 Gowans ya rasu a Girku, Kent a Bida. Amma Bingham da zazzaɓi ya kama shi gida ya koma. Ya sake zuwa a 1900, ciwo ya sake kayar da shi, aka sake mayar da shi. Ya rayu har 1942 yana jagorancin aikin. Wa ya taɓa ce masa matsoraci? Turawan mishan ɗin nan su suka gina gidan hutu a Miango, suka buɗe asibiti a Galmi ta Nijar da Jankwano a Jos. Da sun ɗauka neman magani rashin bangaskiya ne da ba su gina ba. Bulus da kansa ya ce ya bar Tarofimas a Militas ba shi da lafiya, yana nan a wasiƙa ta biyu zuwa ga Timoti sura 4. Elisha da Allah ya warkar da kuturtar Na'aman ta bakinsa, ciwo ne ya kwantar da shi har ya rasu. Almajirai da suka tambayi Yesu zunubin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, kin san amsar da ya ba su, ya ce ba zunubinsa ba ne, ba kuma na iyayensa ba. Ki riƙe waɗannan a bakinki, domin masu irin maganar abokan Ayuba za su zo miki, wasu ma da kwala a wuya.

Ki yi hankali da masu kawo magani a jarka. Kowa zai zo da nasa, wannan jiƙo, wancan sassaƙe, wani ruwan addu'a daga wani annabi. Ƙodar da ta gaza ba ta iya fitar da waɗannan, ƙara kashe ta suke yi. Haka magungunan ciwon jiki na kemis irin su diclofenac da ibuprofen, kada ya sha. Duk wanda ya ce muku a daina wanki domin a nuna bangaskiya, ki nuna masa ƙofa, ko wane ne shi. Kanwa ki fitar da ita daga girkinsa gaba ɗaya, gishiri da magi a rage sosai. Ayaba, lemu, tumatir mai yawa, dankali, duk ki tambayi mai ba da shawarar abinci a asibitin kafin ya ci, domin akwai sinadarin da ke taruwa a jini ya taɓa zuciya. Ruwan sha ma da awo ne. Wannan ya fi komai yi mini ciwo, miji yana roƙona ruwa da zafin bazara ina ba shi a murfin fulas. Ƙanƙara 'yar ƙarama ya tsotsa tana taimakawa. Hannun da aka yi masa aikin jijiya domin wanki, kada a auna hawan jini ko a ɗebi jini a nan, kada ya kwanta a kansa.

Maganar kuɗi, kada ki ji kunya. Ki tashi a gaban zumuntar mata ki faɗi adadin da kuke kashewa a mako, da bakinki. Mutane suna ba da baiko idan sun ji lamba, idan kika ce "a tuna da mu cikin addu'a" addu'ar kawai za ki samu. Ki rubuta wa ekklesiyar da ta ɗauki nauyinku, da ta garinsu, da ta garinku. A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki zuwa naira 12,000 kowane zama a wasu asibitocinta, ki tambaya ko na kusa da ku yana ciki. Jini zai riƙa raguwa, ki nemi matasan ekklesiya su san rukunin jininsu tun yanzu, kada sai an ce a kawo leda biyu ki fara yawo. Dashen ƙoda ana yi a Asibitin Malam Aminu Kano tun 2002, amma sai an sami mai bayarwa da ya dace, ga miliyoyin kuɗi, ga magani har iyakar rai. Ki tambayi likitansa gaskiya ko jikin Malam zai ɗauka kafin ku sayar da gona. Gonar nan ta yara ce.

Su yaran kuwa sun riga sun sani, Mama. Yaro yana ganin idon uwarsa. Kada ki ce musu Baba zai warke gobe, domin ranar da bai warke ba, da ke da Allah duka za su tuhuma. Ki ce Baba yana da ciwo mai tsanani, likitoci ba su iya gyara ƙodar ba, muna roƙon Allah, kuma ko ya warkar da shi a nan ko ya kira shi gida ba zai yashe mu ba. Ki bar su su yi tambaya, ki bar su su ga kina kuka. Kada ki mai da babbar 'yarki uwar gida ta bar makaranta. Kuma a auna musu hawan jini da suga idan sun girma, domin waɗannan biyun su ne kan gaba wajen lalata ƙoda, kuma suna bin jini.

Abin da na fi gode wa Allah a kai shi ne mun yi maganar mutuwa ni da shi tun yana iya magana. Shi ya fara. Ya ce annabi Ishaya ma ya ce wa sarki Hezekiya ya kintsa gidansa. Ya kira ƙanensa da fastonmu da dattijo ɗaya, ya faɗi basussukan da ake binsa, ya faɗi wanda yake bi, ya ce fili da mashin da keken ɗinki na matarsa da 'ya'yansa ne, aka rubuta kowa ya sa hannu. Takardar nan ce ta tsaya mini ranar da dangi suka zo rabon kaya. Ya faɗi inda yake so a binne shi. Ya sa wa kowane yaro albarka da sunansa, na ɗauki muryar a waya. Ki yi wannan, ko da mutane za su ce kina kira masa mutuwa. Ki san lambar sirrin asusunsa, ki duba sunan wa aka rubuta a matsayin magaji a banki da wurin fansho, ki adana takardar aurenku. Ki tambayi ofis a rubuce wata nawa ake ba iyali a gidan mishan idan mai bishara ya rasu.

Zai damu da tumakinsa, na sani, nawa ma haka ya yi ta kuka a kan wa zai riƙe sujada. Ku zaɓi mutum biyu cikin masu bi da suka iya karatu, ya ɗora musu hannu a gaban jama'a kafin ku tashi, sauran ya riƙa yi ta waya ranar da yake da ƙarfi. Majami'ar da muka bari tana nan, har sun yi rufin kwano.

Ke ma ki ci abinci, ki sa wata daga danginki ta zo ku riƙa karɓa-karɓa a jinya, bayanki zai gaji da ɗaga shi. Ki rubuto mini ta akwatin saƙo ki faɗi garin da kuke zuwa wanki. Idan ina da wadda na sani a zumuntar mata a can, zan haɗa ku ta nema muku ɗaki kusa da asibiti kafin ruwa ya sauka.