Sai mun nemi izinin 'yan sanda kafin mu yi tattaki?

Barista, ni ɗan Keke Napep ne a Rigasa, Kaduna. Mu kusan arba'in muka buɗe zaure a WhatsApp, da teloli da masu cajin waya, muna so mu taka zuwa Majalisar Dokoki mu miƙa koke kan tsadar abinci da kuɗin tikitin da ake karɓa a hannunmu kullum. Wani ɗan sanda ya ce duk wanda ya fito ba izini a sel zai kwana. Haka doka ta ce?

Malam, ba haka ta ce ba. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba ku 'yancin taruwa cikin lumana. A 2007 kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara, a shari'ar Sufeto Janar na 'yan sanda da jam'iyyar ANPP, ta ce tilasta wa jama'a neman izini kafin gangami ya saɓa wa kundin. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ma, a sashe na 83, cewa ta yi idan an sanar da su, aikinsu su ba taron tsaro. Sanarwa ke nan, ba roƙo ba.

Ku rubuta wa Kwamishinan 'Yan Sanda wasiƙa, ku faɗi rana da lokaci da hanyar da za ku bi har Lugard Hall, inda Majalisar Dokokin jihar take. Ku yi kwafi biyu, kada ku baro ofishin sai an buga hatimin karɓa a naku. Ku ɗauki hotonsa a waya, ku bar wa lauya kwafi. Na sha ganin wannan 'yar takardar ta raba gardama a gaban DPO cikin minti biyar.

Amma inda gizo ke saƙa ba wajen izinin ba ne. A dokar hukunta laifuka ta Penal Code, mutum biyar zuwa sama in suka haɗu da niyyar aikata laifi ko tsorata jama'a da ƙarfi, taron ya zama haramtacce, kuma abin da ɗaya ya yi don cika wannan niyya yana iya hawa kan kowa. Kai ka fito da kwali, wani da ba ka taɓa gani ba ya fasa shago a Ahmadu Bello Way, mai gabatar da ƙara zai yi ƙoƙarin ɗaure ku da igiya ɗaya. Ka tuna zanga-zangar watan Agustan 2024. An fara da kukan yunwa, ɓata-gari suka shigo, aka ɗaga tutocin Rasha, ranar 5 ga wata gwamnati ta sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya. Yaran da aka kwasa daga nan da Kano sai a 1 ga Nuwamba aka gurfanar da su a Abuja bisa zargin cin amanar ƙasa, wasu suka yanke jiki suka faɗi a kotu. Daga baya Shugaba Tinubu ya ce a sake su, amma wata ukun da suka yi a tsare ba mai maido musu.

Tuhumar nan ina so ka ji tsoronta. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, sai dai wannan kariya ba ta shafi laifin da hukuncinsa kisa ne ba, cin amanar ƙasa kuwa yana cikinsu. Saboda haka duk mai turo muryar “sojoji su karɓi mulki” a zaurenku, ku cire shi yau. Wayoyinku za a fara buɗewa.

Ranar fita, ku ware mutum goma su sa rigunan nan naku masu ƙyalli, su tsare gaba da baya da gefe. Ban da yara, ban da sanda, ban da tutar kowace ƙasa. Mutum biyu su riƙa ɗaukar bidiyo tun daga tashi. Kowa ya rubuta lambar lauya da biro a damtsensa. In aka sa dokar hana fita ko kotu ta ba da umarni, ku koma gida, a ƙalubalance shi a gaban alƙali.

In an kama wani, yana da ikon yin shiru har lauyansa ya zo, kada ya sa hannu a bayanin da bai karanta ba. Ba a biyan kuɗin beli a ofishin 'yan sanda, ba a kuma kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. In tsarewa ta wuce ƙa'ida, a shigar da ƙarar kare haƙƙi a Babbar Kotu. Marar hali ya nufi Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko ofishin Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam da ke Kaduna.

Ni dai da za ku bi tawa, maganar tikitin nan ku fara tura mutum huɗu da takarda ɗauke da sa hannun masu Keke ga ɗan majalisar mazaɓarku, ku ba shi mako uku ya amsa. In ya yi kunnen uwar shegu, sai ku haɗa kwafinta da wasiƙar Kwamishina.