Wane asusun banki ya dace da ƙaramar sana'ar da aka fara a gida?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina yin dambun nama da yajin daddawa a gida, a Zariya, yau wata huɗu ke nan. Jarina bai wuce naira 350,000 ba. Masu saye suna turo kuɗi ta asusuna na ajiya, wanda nan ne maigida yake turo kuɗin cefane. Wasu sun ce in buɗe asusun kamfani, wasu sun ce in karɓi POS. Wanne ya fi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Allah ya sa wa sana'a albarka. Kafin maganar asusun kamfani ko POS, akwai gyaran da ya fi gaggawa: ki raba kuɗin dambu da kuɗin cefane. Muddin tukunyarsu ɗaya, ba za ki taɓa sanin ko riba kike ci ko uwar kuɗi ba. Ranar da za ki sayi nama sai ki tarar kuɗin sun tafi a gas da kuɗin makarantar yara, kuma babu wanda ya ci amanarki, lissafi ne ya cakuɗe.

A matakin da kike, asusu biyu sun ishe ki, kuma duk za su iya zama da sunanki. Na farko na karɓar ciniki, wanda shi kaɗai za ki riƙa ba masu saye. Na biyu na ajiya, a wani banki daban, inda duk ƙarshen mako za ki zuba abin da ya hau kan jari, kuma ba ki yawo da katinsa. Amfanin bambanta bankin shi ne, ranar da layin ɗaya ya tsaya, kina da inda za ki ce a turo.

Ki kula da matakin asusun, domin nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Asusun matakin farko, wanda ake buɗewa ta waya cikin minti biyar, ba ya riƙe fiye da naira 300,000. Ke da jarinki ya riga ya wuce haka, wata rana mai saye zai turo kuɗin odar biki, kuɗin su ƙi shiga ko a riƙe su sai kin cika sharuɗɗa. Tun yanzu ki kai BVN da NIN da katin shaida da takardar da ke nuna adireshinki, kamar ta kuɗin wuta, a ɗaga shi zuwa mataki na uku. Ki tabbata sunan da ke BVN da na NIN iri ɗaya ne, har jerin sunayen da ranar haihuwa. Saɓanin harafi ɗaya yana iya jawo miki zirga-zirgar makonni.

Asusu da sunan sana'a kuwa, bankuna ba sa buɗe shi sai da takardar rajista ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da lambar haraji ta TIN, kuma galibi sai mutum biyu masu asusun karant sun tsaya miki. Yana da caji da na ajiya ba shi da shi: ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2020 ta yarda a cire har naira 1 a kan kowace 1,000 da kika fitar. Idan naira 600,000 ta fita a wata, naira 600 ke nan, ban da harajin VAT na kashi 7.5 a kan cajin. Ba kuɗi ne mai yawa ba, amma ba ki da dalilin biyan sa tukuna. Lokacinsa shi ne ranar da wani babban kanti ko ofis ya ce ba zai biya cikin asusun mutum ba, ko kika ɗauki mai taya ki karɓar kuɗi, ko kika fara neman rance. Rajistar sunan kasuwanci ta ishe ki a sannan, ba sai kin kafa cikakken kamfani ba.

POS na mai shago ne da ake tsayawa gabansa da kati. Ke cinikinki ta waya ne, kuma masu ba da na'urar sukan sa sharaɗin yawan cinikin da za a riƙa yi da ita, in ba a kai ba su karɓe abarsu. Ki bar ta sai kin buɗe shago.

Sai batun inda kuɗi zai kwana. Moniepoint, OPay, PalmPay da Kuda suna da saurin shigar kuɗi, shi ya sa 'yan kasuwa suka rungume su, kuma sun dace da asusun karɓar ciniki. Amma lasisinsu ba irin na manyan bankuna ba ne. Tun 2024 hukumar NDIC, mai inshorar kuɗin da aka ajiye a banki, tana lamunin ajiya har naira miliyan 5 ga kowane mai ajiya a babban banki, miliyan 2 kuma a ƙaramin banki na maikurofainans. Wannan ba zancen takarda ba ne: da aka soke lasisin Heritage Bank a watan Yunin 2024, waɗanda ajiyarsu ba ta wuce miliyan 5 ba su aka fara biya. Kuɗinki bai kai ko ɗaya daga cikin iyakokin ba, to abin da ya fi shafar ki shi ne samun reshe da za ki taka da ƙafarki idan matsala ta taso. Don haka asusun ajiyar ya kasance a banki mai reshe kusa da ke. In kina guje wa kuɗin ruwa, akwai Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJBank da Lotus.

Ki sa ƙananan caje-caje cikin farashinki. A ƙa'idar Babban Banki ta 2020, turin da bai wuce naira 5,000 ba naira 10 ne, zuwa 50,000 naira 25, sama da haka naira 50, ga kuma harajin naira 50 a kan turin 10,000 zuwa sama. Biyan mahauci sau ɗaya ya fi biyan sa kashi-kashi sauƙi.

Kada ki saki kaya don an nuna miki hoton rasit ko saƙon alat ya shigo, domin duka biyun ana ƙirƙirar na bogi. Ki buɗe manhajar bankin ki ga kuɗin sun hau kan ragowar asusunki, sannan ki miƙa wa mai kai saƙo. Duk ƙarshen wata kuma ki sauke bayanin shige da ficen asusun ciniki ki adana, domin masu ba da rance sukan nemi na wata shida zuwa shekara ɗaya.